Yadda Za Ka Sake Ɗaukar Alƙalami Bayan An Mayar Maka Da Rubutunka

Ɗan'uwa, ba kai ne na farko ba. A Littafi Mai Tsarki, littafin Annabi Irmiya sura 36, Baruk ɗan Neriya ya zauna ya rubuta duk abin da annabin ya faɗa masa. Da aka kai littafin gaban Sarki Yehoyakim, yana jin ɗumi a ɗakinsa na hunturu, ana karanta shafi uku ko huɗu sai ya sa wuƙa ya yanke ya jefa cikin wuta, har ya ƙone ƙurmus. Aya ta 32 ta ce sun ɗauki wani naɗaɗɗen littafi suka sake rubutawa, har da ƙari.

Da farko, ka ajiye rubutun mako guda. Kada ka mayar wa edita martani da zafin zuciya, kada kuma ka goge komai. Ka kai kukanka wurin Allah a addu'a. Baruk ma ya yi nasa ƙorafin, yana nan a sura 45.

Na biyu shi ne mai wuya: ka gano abin da aka ƙi. Yehoyakim saƙon ya ƙi. Amma yawancinmu, in za mu faɗi gaskiya, aikin hannunmu ne bai nuna ba. Na sha jin marubuci yana cewa "Ubangiji ne ya ba ni wannan", wai don kada a taɓa masa ko waƙafi. Ni ma na taɓa fakewa da haka, har sai da wata dattijuwa ta karanta labarina ta ce, "Ɗana, ina mutumin yake? Wa'azi kawai nake ji." Ta yi gaskiya. Shafi huɗu, ayoyi goma sha ɗaya, babu wanda ya yi tari ko ya buɗe ƙofa. Luka marubucin Bishara, wanda ba ma shakkar hurarren littafinsa, ya gaya wa Tiyofilus, mutumin da ya rubuta wa littafin, cewa sai da ya bi diddigin kome tun daga farko kafin ya rubuta bi da bi. In shi bai tsallake bincike ba, kai wa ya ɗauke maka?

Daga nan ka karanta rubutunka da babbar murya. Duk inda numfashinka ya yanke, jimlar ta yi tsawo. Duk ayar da ka saka don ado, cire ta, ka bar guda ɗaya da ke ɗauke da nauyin maganar. Ka duba kowace sura da aya a cikin Littafi Mai Tsarki da idonka, kada ka amince da hadda.

Sai ka nemi mai karatu guda, wanda ba ya jin kunyarka. Kada ka tambaye shi ko ya yi daɗi. Ka miƙa masa fensir ka ce ya sa alama a inda hankalinsa ya fara tafiya.

Ka ajiye kwafi a wuri biyu, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a wani wurin dabam.

Bayan gyara, ka sa ranar sake aikawa a kalanda, ka gaya wa mai karatun nan ranar don ya tuntuɓe ka. In wurin farko sun ba ka dalili, koma musu da gajeriyar wasiƙa mai nuna abin da ka gyara. In ba su ce komai ba, nemi wata mujallar, ka karanta fitowarta biyu ko uku kafin ka tura.