Darasi na Takwas: Rasit da Takardar Koke

Duk wanda ya yi damina a Jos ya san halin ruwanta. Daga kan duwatsu yake gangarowa da gudu, in ya tarar da lambatu cike da leda da robobi, sai ya nemi hanya ta cikin ɗakunan mutane. A watan Yuli na 2012 an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ambaliya ta shiga Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, mutum fiye da 30 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

To, aikin waye gyaran gari?

Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota, mayanka da maƙabarta, banɗakunan jama'a da kwashe shara. Har sanya wa tituna suna da ba gidaje lamba nata ne. Jihar Filato tana da ƙananan hukumomi 17, cikinsu akwai Jos ta Arewa, da Jos ta Kudu mai hedkwata a Bukuru, da Jos ta Gabas. Akwai kuma hukumomin jiha, irin su JMDB mai kula da tsarin gine-ginen birni, da PEPSA ta tsabtar muhalli. Kafin ka kai kuka, ka san ƙofar da za ka buga.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Mutane sun yi murna. Ni dai ban yi saurin tafi ba, domin hukumar da ba ta da littafin lissafi na ƙwarai, ba ta horar da akawunta ba, ba ta san adadin rumfunan kasuwarta ba, in ka ba ta kuɗi ruwa ka zuba a kwando. Ƙarfin hukuma yana cikin ma'aikacin da ya iya aikinsa, da motar shara mai tashi, da rubutun abin da ya shigo da wanda ya fita. A kan wannan rubutu ne karatunku zai yi rana.

Wata ɗaliba a ajin nan, mai sayar da kabeji da karas, ta taɓa kawo mini tikitin haraji na wata biyu, ta ɗaure su da kyauro a cikin jakar hannu. Ta ce, “Malam, duba mini, na ga kamar duk iri ɗaya ne.” Muka baje su a kan benci. Lambar da ke saman kowanne ɗaya ce tak, babu kwanan wata, babu hatimi. Wani ya samu na gaskiya guda ya yi ta buga kwafinsa. Kullum tana biya, amma ko sisi bai isa baitulmali ba, shara kuwa tana nan jibge a bayan rumfarta.

Saboda haka in an miƙo miki rasit, kada ki cusa shi a lalita sai kin karanta. Nemi sunan hukuma a sama. Duba lamba, ta yau ta bambanta da ta jiya. Sai kwanan wata, da adadin kuɗi, da abin da aka biya dominsa. In babu, ki tambaya cikin ladabi, in ya ƙi, ki sanar da shugabannin kasuwa.

Koke kuma na baki iska ce ke ɗauke shi. A rubuta, gajere, kamar haka:

Zuwa ga Mai girma Kansila,
Bayan gaisuwa. Mu mazauna layin ______ muna sanar da kai cewa kwalbatin bakin layinmu ya toshe tun watan ______. Gidaje ______ ne ruwa ke shiga. Muna roƙon a turo masu dubawa kafin ruwa ya sauka. Matasanmu a shirye suke su kama aikin gayya in an ba da shebur da baro.
Mun gode.

A sa kwanan wata, mai unguwa ya sa hannu. A yi kwafi biyu, wanda ya karɓa a ofis ya buga hatimi a kan naku, ku ajiye. Bayan mako biyu a koma da shi. Irin wannan takarda tun da rani ake kai ta, a Fabrairu ko Maris, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin aji: ’yan kasuwa 50 suna biyan naira 200 kowace rana, kwana 6 a mako. Nawa ya kamata ya shiga asusu a mako guda?

Aikin gida: cike guraben takardar da ke sama da matsalar layinku, sannan kowa ya zo da rasit ɗaya ranar Asabar mu karanta tare.