Yadda ake rage nauyin fayil ɗin fim ba tare da hoton ya lalace ba

Duk wanda ya zo min da fim ɗin da ya matse ya lalace, kafin ya gama bayani na san abin da ya yi. Ya ɗauko fim mai nauyin gigabait 25, ya ce shi megabait 700 yake so, ya lissafa bitiret ɗin da zai ba shi hakan, wato yawan bayanan da hoton zai ci a kowace daƙiƙa, ya danna maɓalli ya tafi ya kwanta. Da safe fayil ya fito ɗan ƙarami kamar yadda ya so. Sai an fara kallo a ga ta'asa: duk inda duhu ya shigo, hoton ya farfashe ya koma 'yan murabba'ai, fuskar mutum ta yi sumul kamar ta roba. Wannan 700 ɗin ma gadon zamanin faifan CD ne, domin iyakar abin da faifan ke ɗauka ke nan. Faifan ya tafi, lambar ta maƙale a kawunan mutane.

Kada ka fara da tambayar nauyi. Fara da ingancin da idonka zai yarda da shi, nauyin ya biyo baya. Da manhajar HandBrake zan yi bayani, kyauta ce, kuma na ɗauka ka riga ka saka ta a kwamfutarka ka san yadda ake loda mata fayil.

Mataki na farko: duba abin da ke hannunka

Buɗe fim ɗin da MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan fayil, ka ga bitiret ɗinsa. Fim na awa biyu mai girman 1080p da nauyinsa bai wuce gigabait ɗaya da rabi ba, wani ya riga ya matse shi iya matsewa. Bar shi yadda yake. Kowace matsa tana zubar da wani abu daga hoton, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. In ka sake matsa shi, za ka ɓata awanni ka rage 'yan megabait kaɗan, ka kuma ƙara lalata hoton. Matsa tana da riba ne a kan fayil mai ƙiba, irin wanda aka kwafo kai tsaye daga faifan Blu-ray ko daga kyamara.

Mataki na biyu: zaɓi kodek

Kodek shi ne tsarin da ake matse hoton da shi. Uku ne a gabanka. H.264 shi ne dattijo, tun 2003 yake, kuma da wuya ka sami talabijin ko wayar da ba ta karanta shi. H.265 ya zo a 2013, yana ba da inganci iri ɗaya a fayil mafi ƙanƙanta, amma yana cin lokaci wajen matsawa. AV1 ya fito a 2018, ya fi su iya matsi, sai dai tsofaffin na'urori ba su san shi ba.

Ni H.265 mai bit 10, wato mai ƙarin matakan launi, nake zaɓa, wanda a cikin jerin za ka gan shi da sunan x265. Ko da asalin fim ɗin bit 8 ne, bit 10 yana rage wannan layi-layin da ke fitowa a sararin sama ko a bangon da haske ke dusashewa a kansa. Amma kafin ka bi ni, matsa ɗan guntu ka saka a na'urar da za ka riƙa kallo da ita. In ta ƙi buɗewa, koma H.264, wato x264 a jerin, magana ta ƙare.

Za ka ga wasu masu ɗauke da NVENC ko QSV a sunansu. Waɗannan da katin hoto na kwamfuta suke aiki, kuma gudunsu abin mamaki ne. Na san suna da jan hankali. Sai dai a inganci ɗaya fayil ɗinsu ya fi nauyi, kai kuwa rage nauyi ka zo yi. Ajiye su sai ranar da kake sauri.

Mataki na uku: lambar RF, inda kowa ke faɗuwa

A shafin Video akwai hanya biyu. Ɗaya ka ƙayyade bitiret da kanka, ɗaya kuma Constant Quality. Ta biyun za ka bi. Bambancinsu shi ne, a ta farko ka yanke wa fim ɗin kasonsa tun kafin ka san abin da yake buƙata. A ta biyu inganci ka tsayar, manhajar ta zuba bayanai da yawa inda ake gudu da faɗa da ruwan sama, ta tsuke hannu inda mutum biyu ke zaune suna hira.

Lambar RF, wato ma'aunin ingancin da kake tsayarwa a Constant Quality, a x264 da x265 daga 0 take zuwa 51, kuma a juye take tafiya: ƙaramar lamba, inganci mai yawa da fayil mai nauyi, babbar lamba, fayil ƙarami da hoto mai rauni. Na ga wanda ya ja ta zuwa 40 yana zaton ƙara kyau yake yi. Na kuma ga wanda ya sa 0, fayil ɗin ya fito ya ninka na asali. A x264, duk ƙarin 6 yana rage nauyi kusan rabi, shi ya sa matsar da ita da ɗaya ko biyu ba ƙaramin abu ba ne.

Inda ake farawa: fim ɗin DVD tsakanin 18 da 22, 720p tsakanin 19 da 23, 1080p tsakanin 20 da 24, 4K tsakanin 22 da 28. Ka lura ƙaramin hoto ya fi son ƙaramar lamba, domin idan aka shimfiɗa shi a babban allo duk aibinsa fitowa yake. Kuma 22 ta x264 ba ita ce 22 ta x265 ba, balle ta AV1 da ma'auninta daban ne. Kada ka kwashi lambar wannan ka ɗora wa wancan.

To, waɗannan lambobin mafari ne kawai. Abin da zai raba ka da asara shi ne gwaji, kuma shi ne mutane ke tsallakewa. Ni ma na tsallake shi sau ɗaya na ji a jikina. Na jera fina-finai takwas a layi, duk na sa musu lamba ɗaya, na bar kwamfuta tana aiki kusan kwana biyu. Na leƙa farkon kowanne, na ga rana tana haskawa, fuskoki tsaf, na ce madalla, na goge na asali. Bayan mako biyu na zauna kallon ɗaya daga cikinsu, aka shiga wani ɗaki da dare, kyandir ɗaya ke ci. Bangon da ke bayan jarumin ya rarrabu gida-gida yana motsi shi kaɗai, hayaƙin kyandir ɗin ya koma wani dunƙule mai toka-toka. Na asali kuwa babu shi.

Ga yadda nake yi tun daga ranar. Da farko ka bi fim ɗin ka nemo wurare biyu: wuri mafi duhu, da wurin da aka fi motsi, irin inda akwai hayaƙi ko ruwa ko ganyen bishiya da iska ke kaɗawa. Rubuta lokacinsu. A saman HandBrake akwai Range. Canja shi daga Chapters zuwa Seconds, ka sa farkon wurin da ƙarshensa, minti ɗaya ya isa. Matsa guntun sau uku, da 20, da 22, da 24, kowanne da sunansa don kada su cakuɗe maka.

Sannan ka kalle su a allon da za ka yi kallon gaske, daga inda ka saba zama, a cike da allo. Kashe fitila in wurin duhu kake dubawa. Kada ka kalli fuskar jarumi, domin nan ne ya fi daɗewa bai lalace ba. Kalli bayansa: bango, inuwa, baƙar riga, gefen rubutu. Daga baya ka duba gashi da fatar fuska, ka ga ko 'yan layukan fata suna nan ko an share su. Lambar da ta fi girma a cikin waɗanda ba ka ga aibi ba, ita ce taka. Kuma kada ka riƙa tsayar da hoto kana kai hanci jikin allo. Ta haka babu matsin da zai tsira, kuma ba haka ake kallon fim ba.

Tsofaffin fina-finan da aka ɗauka da fim na kyamara suna da wani yashi-yashi a hotonsu. Wannan yashin cin bayanai yake kamar me, domin kowane hoto da irin nasa. Irin waɗannan ko ka sa 22 za su fito da nauyi, ba laifinka ba ne. Ko dai ka haƙura da nauyin, ko ka kunna NLMeans a shafin Filters a mataki mafi sauƙi ya ɗan rage yashin. Ni haƙura nake yi, don ba na son fuskar roba. Zane mai motsi kuwa, irin na yara, matsuwa yake cikin sauƙi. Akwai Animation a ƙarƙashin Tune, sa masa shi.

Mataki na huɗu: saurin matsawa

Encoder Preset yana tafiya daga ultrafast har placebo. Iya jinkirin da ka zaɓa, iya tunanin da manhajar za ta yi kafin ta zubar da wani abu. Sa slow. In kwamfutarka ba ta da ƙarfi, medium ma ya yi. Placebo kuwa kwalliyar da ba ta biyan kuɗin sabulu ce, lokacin zai ninka sau da yawa, bambancin ba za ka gan shi ba. A x265 wani lokaci slow yakan ba da fayil da ya ɗan fi na medium nauyi a lamba ɗaya, saboda ya riƙe ƙarin ƙananan abubuwa a hoton. Kada hakan ya ruɗe ka. Abin da ya kamata shi ne ka zaɓi saurin tun kafin gwajin RF, ka bar shi a nan.

In kuwa fina-finanka sun kai ɗaruruwa, zauna ka auna awannin da wutar da za su ci. Wani lokaci ƙara ma'ajiya ya fi sauƙi a kan matse su duka.

Mataki na biyar: sauti

Nan ne nauyi ke ɓuya. Sautin DTS mai kilobit 1,509 a daƙiƙa, a fim na awa biyu, ya haura gigabait ɗaya da ɗigo uku shi kaɗai. TrueHD ya fi haka. Mutum ya sha wahala ya matse hoto, ya bar sauti ya wuce yadda yake, yana mamakin me ya sa fayil bai ragu ba. In da lasifikar talabijin ko abin kunne kake ji, mayar da shi AAC sitiriyo a kan 160. In kana da lasifiku kewaye da ɗaki, bar 5.1 ɗin a AC3. Cire sautin harsunan da ba ka ji.

Sauran

Framerate, wato yawan hotuna a daƙiƙa, bar shi a Same as source. Baƙaƙen layukan sama da ƙasa manhajar na yanke su da kanta, amma leƙa ka tabbatar ba ta ci hoto ba. In a waya kaɗai za ka kalla, sauke 1080p zuwa 720p, ka sami ragi mai yawa. Kada ka taɓa ɗaga ƙaramin hoto zuwa babba. Fim ɗin DVD da ke nuna haƙoran mataji a gefen abu mai motsi, kunna masa Decomb. MP4 ko MKV mazubi ne kawai, ba ruwansu da inganci. MKV nake so don yana ɗaukar rubutun fassara iri-iri, MP4 kuma ya fi shiga ko'ina. Mayar da Range zuwa Chapters, in ba haka ba minti ɗaya za ka sake samu. Danna Start Encode. Idan ya gama, tsallaka kai tsaye zuwa wurin duhun nan ka duba, ka saurari sauti a farko da ƙarshe ka ji ko yana tafiya da baki, sannan ka goge na asali.