Yadda ake neman shiga majalisar ƙwararrun Polkadot daga karkara

Matasa da yawa a Ringim, Gumel, Bichi da Rano sun san kirifto ta wajen saye da sayarwa, ko tara maki a waya. Kaɗan ne suka san cewa a bayan bulokcen akwai masu kula da injinsa. A Polkadot, wadda ɗaya ce daga cikin bulokcen ɗin nan, sunan majalisarsu Technical Fellowship. Gavin Wood ne ya rubuta kundin ƙa'idojinta a 2022, rajistar membobinta kuma tana kan Collectives, ɗaya daga cikin sarƙoƙin Polkadot. Su ke duba shawarwarin sauya tsari da ake kira RFC, su ke kuma sa hannu a kan gyaran gaggawa domin ya bi gajeriyar hanya zuwa ƙuri'ar masu riƙe da DOT, kuɗin Polkadot. Ba a sayen kujera a wurin, yawan kuɗinka ba ya ƙara maka komai. Aikin da ka yi a fili shi ne takardarka.

Mataki na farko, ka tabbatar nan ne wurinka. Majalisar ta masu aiki a kan zuciyar tsarin ce: manhajar da ke tafiyar da sarƙar, hanyoyin cimma matsaya irin su BABE da GRANDPA, tsarin aika saƙo tsakanin sarƙoƙi wato XCM, ilimin sirranta bayanai, da sabon tsarin JAM da aka fitar da takardarsa a 2024. Mai haɗa walat, mai zana shafin intanet, mai wayar da kan jama'a da Hausa, duk aikinsu na da amfani, amma ba a ƙirga shi a nan.

Na biyu, kayan aiki, kuma a nan ɗan karkara ya fi shan wuya. Da yaren Rust aka rubuta Polkadot SDK, wato manhajar da ake gina Polkadot da ita, harhaɗa shi kuwa yana cin na'ura sosai. Nemi laftof mai ram 16GB da faifan SSD mai sararin da ya kai 100GB, ka sa Ubuntu, ko WSL idan Windows kake amfani da ita. Ka saka manhajojin harhaɗawa rustup, clang da protoc tun farko, don rashinsu ne ke tsayar da aiki a tsakiya. Wajen sauko da ma'ajiyar paritytech/polkadot-sdk, ƙara --depth 1 domin kada ka kwaso tarihin shekaru da datarka. Harhaɗawar farko tana sauko da ɗaruruwan ƙananan ƙunshi, don haka ka yi ta ranar da ka shiga Dutse, Kazaure ko Wudil inda sabis ke da ƙarfi. Daga nan cargo, manhajar harhaɗa Rust, zai yi maka aiki a gida da --offline.

Kada ka riƙa gina komai gaba ɗaya. Yi amfani da cargo test -p tare da sunan ɓangaren da ka taɓa kawai. Idan na'urar ta daskare fanka na ta kuka, ram ne ya cika, sai ka rage da -j 2. In da sola kake aiki, fara ginin da hantsi lokacin da batir ke cika, ba bayan magariba ba. Kuma ka kiyayi cargo clean ba gaira ba dalili, domin yana share abin da aka ɗauki awanni ana harhaɗawa.

Na uku shi ne ainihin aikin, shi ke ɗaukar watanni. A GitHub, shafin da ma'ajiyar take, nemi matsalolin da aka yi wa alamar C2-good-first-issue ko C1-mentor. Karanta tattaunawar da ke ƙarƙashi har ƙarshe, ka rubuta a taƙaice yadda kake shirin gyarawa, sannan ka fara. Kamar yaron gareji ne, ba ranar farko ake miƙa masa inji ya kwance ba. Gyaran sabon shiga yakan maƙale saboda abubuwa sanannu: bai haɗa gwajin da ke nuna gyaran ya yi aiki ba, ya manta fayil ɗin prdoc mai bayyana abin da ya sauya, bai daidaita rubutun da cargo fmt ba, ko ya taɓa wani kira, wato umarnin da ake aika wa sarƙa, bai sake auna nauyin aikinsa ba. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin da nauyin ake lissafin kuɗin hada-hada, in ya yi ƙasa da gaskiya wani zai iya cika bulok da arha. Idan masu dubawa suka dawo maka da gyara, ka amsa cikin kwana biyu ko uku. Babban reshen ma'ajiyar yana gaba kullum, gyaran da aka bari wata guda sai an sake warware karo.

Muna jan kunne a kan gyaran harafi da waƙafi. Ashirin daga cikinsu ba su kai aiki ɗaya na gaske ba, suna ma zubar da ƙimar mai su. Kundin ƙa'idojin majalisar yana neman misalai uku bayyanannu na gudummawa mai nauyi kafin a kai matsayi na 1, wato matsayin farko na memba, tare da fahimtar manufofin Polkadot.

Na huɗu, asusu. Buɗe sabon adireshi na wannan aiki kaɗai, ka rubuta kalmomin sirri 12 a takarda, kada ka ɗauke su hoto. Yi rajistar sunanka da na GitHub ɗinka a sarƙar People mai ajiye sunaye, ka kuma ajiye ɗan DOT a Collectives na kuɗin hada-hada. Wanda asusunsa ya faɗi ƙasa da mafi ƙarancin ajiya zai tarar an share shi.

Na biyar, neman shiga. Rubuta bayani da Turanci mai sauƙi: wane ne kai, adireshinka, mahaɗar kowane aiki da aka karɓa, da ɓangaren da kake son ci gaba da riƙewa. Sai wani memba mai iko ya shigar da kai matsayi na 0, na ɗan takara. Yawanci wanda ya saba duba aikinka ne zai yi, shi ya sa mataki na uku ba ya tsallakuwa. Duk wanda ya biyo ka ta Telegram ko WhatsApp yana neman kuɗin rajista ko kalmominka 12, ɗan damfara ne.

Ɗan takara ba shi da ƙuri'a, ba shi da albashi, kuma akwai wa'adin da za a cire shi in bai motsa ba. Don hawa matsayi na 1, ka rubuta hujjojinka a ma'ajiyar polkadot-fellows, ka miƙa su a kan sarƙa da kiran submitEvidence, ka zaɓi Promotion, wato ƙarin matsayi. 'Yan matsayi na 3 zuwa sama ne ke yanke hukunci, ƙuri'a kuma tana nauyi gwargwadon matsayi. Matsayi mafi girma shi ne na 9.

Albashin da RFC ta 50 ta tsara wa matsayi na 1 dala 10,000 ne a shekara, amma ba ya shigowa da kansa. Kowane zagaye sai ka yi rajista a kwanakin da aka ware, sannan ka karɓa, wanda ya makara yana iya rasa na wannan zagayen. Haka kuma 'yan matsayi na 1 da na 2 suna kawo hujjar ci gaba da aiki duk wata uku, in ba haka ba a sauke su mataki ɗaya. Idan wa'adinka zai faɗo cikin Agusta, lokacin da gona ke neman hannu, hadari kuma ke rage wa sola ƙarfi, ka shirya hujjarka ka miƙa tun da sauran mako biyu.