Kurakuran da ake yi wajen haɗa DSL a ofis mai layin tarho biyu

Tun da NITEL, kamfanin tarho na gwamnati, ta durƙushe mutane suka manta da wayar tarho, amma ka shiga tsofaffin ofisoshi a Bauchi, irin na GRA da wajen sakatariya, wayoyin na nan kwance cikin bango, wasu ma intakom na aiki a kansu har yau. To yanzu ana sayo akwatunan VDSL guda biyu, wato modem masu aiki da DSL, fasahar tura intanet ta wayar tarho, a tura intanet daga wannan bulok zuwa wancan ta kan tsohuwar wayar, tunda kebul ɗin netwok baya wuce mita 100 ita kuwa DSL tana tafiya ɗaruruwan mitoci. Dabara ce mai kyau wallahi, sai dai in soket ɗin na layi biyu ne nan ake shan wahala.

Babban kuskure shine rashin sanin wane layi ne ke ɗauke da intanet ɗin. Cire murfin soket ka duba, zaka ga siraran wayoyi huɗu, ja da kore sune layi na ɗaya, su ke kan fil biyu na tsakiya, baƙi da ruwan ɗorawa kuma layi na biyu, suna gefe da gefe. In sabon kebul ne shuɗi da abokinsa fari mai ratsin shuɗi na ɗaya, ruwan lemo da nasa na biyu. Shi modem fil biyun tsakiya kawai yake saurare, in ka ɗora DSL a layi na biyu ka soka shi kai tsaye fitilar modem ɗin zata yi ta ƙiftawa har la'asar, oga yana ta faɗa wai an sayo jabu alhali lafiyarsa ƙalau. Ko dai ka nemi ɗan soket mai raba layi, wanda aka rubuta L1 da L2 a jikinsa, ka sa modem a L2, ko ka juya wayoyin a soket ɗin modem kaɗai.

Sai filta. A ma'aunin zangon sigina, murya tana tafiya ƙasa da kilohaz 4, DSL tana can sama, filta ce ke hana su shiga juna. Wasu sai su sa ta a gaban modem, kaga sun toshe intanet da hannunsu kenan, a bakin tarho ake sa ta. Kuma yawancin ƙananan filtocin kasuwa na layi ɗaya ne, kana sa wa tarho mai layi biyu sai layi na biyun ya mutu ɗif, a ce ai mai gyara ne ya lalata. Nemi ta layi biyu, ko ka raba layukan tukuna ka tace wanda ke da DSL.

Kada ka bi da DSL ta cikin akwatin intakom, ba zata fito ta ɗaya gefen ba. A raba ta kafin akwatin. In kuma tarhon irin na dijital ne mai maɓallai da yawa, bar masa wayarsa, ka nemi wasu wayoyi biyu na layi guda da ba kowa a kansu.

Wanda yafi bani takaici shine haɗa ja da baƙi a matsayin layi guda don kawai mitar gwajin waya ta nuna akwai hanya. Tarho zai yi magana kam, amma intanet zai dinga yankewa, ga kuma muryar wancan layin tana kutsowa. Haka reshen waya da aka ja zuwa ɗakin da ba a amfani dashi aka barshi a buɗe, yana rage gudu sosai, cire shi daga mahaɗa. Duk inda kaga an murɗa waya an naɗe da salatif ta yi kore saboda damina, yanke ka sake haɗi mai kyau, ka kuma nisanta ta da wayar inbata da ta janareta.

In wayar ta ratsa fili tsakanin gini biyu a sa mata kariyar tsawa a kowane gefe, a haɗa da ƙasa, kafin ruwan watan Yuni ya kankama.