Yadda Za Ka Auna Basira da Halin Kyanwa da Kare Kafin Ka Kawo Ɗaya Gida

Wanda yake shirin kiwon kyanwa ko kare yakan fara da tambayar wanne ne ya fi basira a cikinsu, alhali abin da ya kamata ya fara tantancewa shi ne irin basirar da gidansa yake bukata da kuma irin halin da shi da iyalinsa za su iya zama da shi tsawon shekaru. Kare yakan rayu shekara 10 zuwa 13, kyanwar da ta samu kulawa kuwa takan kai 15, wata ma ta zarce, saboda haka zaɓin da aka yi cikin gaggawa zai daɗe yana bin mutum.

Abu na farko shi ne ka san inda kowannensu ya fito, domin asalin nan ne yake bayyana yawancin abin da za ka gani a tsakar gida. Kare jikan kyarkeci ne, dabbar da take farauta cikin garke, kuma ya shiga hannun ɗan Adam aƙalla shekara 14,000 da suka wuce, tun kafin a fara noma. A Jamus an tono wani kabari mai kimanin wannan shekaru inda aka binne kare tare da mutane. Tun daga lokacin ake zaɓen karnukan da suka fi sauraron mutum ana barin su su hayayyafa, don farauta da kiwo da gadi. Kyanwa kuwa ta fito ne daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda take farauta ita kaɗai, kuma ita ta kawo kanta lokacin da manoma suka fara tara hatsi ɓeraye suka yi yawa a rumbuna. A tsibirin Kubrus an samu kabarin mutum da kyanwa a gefensa mai shekara kusan 9,500. Ba wanda ya taɓa bukatar ya koya mata kamun ɓera, don haka ba a tace ta don biyayya ba. Sakamakon wannan tarihi shi ne hankalin kare yana kan mutum, hankalin kyanwa kuma yana kan wuri: ina ƙofa, ina maɓoya, ina motsi yake fitowa.

Masu son a yanke hukunci da lissafi sukan kawo binciken da Suzana Herculano-Houzel ta Jami'ar Vanderbilt a Amurka da abokan aikinta suka fitar a 2017, wanda ya ƙiyasta cewa ɓawon ƙwaƙwalwar kare yana da ƙwayoyin jijiya kusan miliyan 530, na kyanwa kuma kusan miliyan 250. Lissafin yana da ma'ana, amma a ƙwaƙwalen dabbobi ƙalilan aka yi ƙirgar, kuma ba zai faɗa maka komai ba game da ɗan kwikwiyon da aka miƙo maka a kwali. Haka nan labarin karyar nan mai suna Chaser, wadda malamin jami'a John Pilley ya koya wa sunayen abubuwa 1,022, labari ne na gaskiya, sai dai sakamakon horo ne na sa'o'i da dama a kullum tsawon shekaru, a kan irin karen da aka tace don kiwon tumaki. Abin da zai amfane ka shi ne ka gwada dabbar da ke gabanka, kuma gwajin ba ya bukatar komai sai kwanoni biyu da ɗan abinci da haƙuri.

Ka zaɓi lokacin da dabbar take jin 'yar yunwa, a wurin da ta saba da shi, ba yara suna hayaniya. Ka kife kwanoni biyu a ƙasa da tazarar taku biyu a tsakaninsu, ka ɓoye ɗan busasshen kifi ƙarƙashin ɗaya ba tare da ta gani ba, ka kuma shafa ƙanshin kifin a jikin dukansu don kada hanci ya yi mata aikin. Daga nan ka nuna kwanon da ke da abincin da yatsa, ka sake ta. Ka maimaita sau goma kana sauya ɓangare ba bisa tsari ba. Adam Miklosi da abokan aikinsa a Budafes ta ƙasar Hangari sun yi irin wannan gwaji a 2005, suka ga kyanwa ma tana bin nunin yatsa kamar yadda kare yake yi. Inda suka rabu shi ne mataki na biyu, kuma shi ne ya fi koyar da mai kiwo. Ka sa abincin a inda dabbar take gani ko take jin ƙanshinsa amma ba za ta iya kaiwa gare shi ba, misali cikin roba mai murfi da ka danne da dutse. Kare zai ɗan gwada, sannan ya ɗago kai ya dube ka, ya dubi robar, ya sake dubanka, wato yana neman taimako. Kyanwa za ta ci gaba da tura ƙafa da zagaye robar, da wuya ta waiwaye ka, in ta gaji ta yi tafiyarta. Kada ka fassara wannan da cewa ɗaya ya fi ɗaya wayo. Kare ya ɗauke ka abokin aiki, kyanwa kuma ta ɗauki matsalar tata ce.

Akwai wata kyanwa da muka taɓa kiwo wadda ta gano cewa murfin tukunyar miya yana zamewa idan aka tura shi daga gefen da ya lotse. Ba ta taɓa gwadawa ana kallonta ba. Takan kwanta a bakin madafa ido a lumshe kamar ba ta san da tukunyar ba, sai an shiga sallar magariba a ji ƙarar murfi a ƙasa. Sai da aka yi makonni ana zargin yara kafin a kama ta. Wannan kyanwar ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa don an kira sunanta ba, amma kunnenta yakan juya duk lokacin da aka ambace shi. Abin da Atsuko Saito ta Jami'ar Sophia a Tokiyo ta nuna ke nan a 2019: kyanwoyi suna bambance sunansu da sauran kalmomi masu kama da shi, kuma amsarsu yawanci motsin kunne ne ko juya kai. In za ka gwada taka, ka furta kalmomi huɗu masu tsawon sunanta da murya iri ɗaya, sannan ka faɗi sunan, idonka a kan kunnuwanta.

Basira ba ta kai hali muhimmanci ba ga wanda zai zauna da dabba a gida ɗaya, kuma hali yana da lokacin da yake kafuwa. Ga 'yar kyanwa lokacin yana tsakanin mako 2 zuwa 7 da haihuwa, ga kwikwiyo kuwa daga mako 3 zuwa kusan 12. Wadda aka riƙa ɗauka ana shafawa a wannan tsakani, ta ji muryoyin maza da mata da yara, ta saba da ƙarar turmi da babur, za ta girma da natsuwa. Wadda ta wuce wannan lokaci a bayan rumbu ba ta ga mutum ba, da wuya ta daina gudu ko da an shekara ana ba ta abinci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka ka tambayi mai ba ka dabbar inda aka haife ta da wanda yake taɓa ta, ka nemi ganin uwar, kuma kada ka raba ɗa da uwarsa kafin mako 8. Idan ka je, ka tsuguna ka miƙa bayan hannunka ka jira, kada ka kai mata cafka. Sannan ka saki makulli ko cokali a ƙasa daga ɗan nesa. Firgita ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne ko za ta dawo ta shinshina abin cikin minti ɗaya ko biyu. Kwikwiyon da ya ƙame, ya yi gurnani lokacin da ka matso kusa da kwanon abincinsa, bai dace da gidan da ke da ƙananan yara ba.

Ana yawan cewa kyanwa ba ta san mai ita ba, gida kawai ta sani, amma binciken Kristyn Vitale a Jami'ar Jihar Oregon a 2019 ya nuna akasin haka. An bar kyanwa da mai ita a baƙon ɗaki minti biyu, aka fitar da shi minti biyu, sannan ya dawo, sai aka ga kusan kashi 65 cikin ɗari sun natsu da dawowarsa, sun gaishe shi sun ci gaba da zagaya ɗakin, adadin da ya yi kusa da abin da ake samu ga jarirai da iyayensu. Bambancin kyanwa da kare yana wurin nunawa, don haka sai ka koyi karanta alamominsu, kuma a nan ne mutane suka fi kuskure, domin alama ɗaya tana iya nufin abu biyu mabambanta. Kaɗa wutsiya a wurin kare alamar zumuɗi ce, wanda zai iya zama na murna ko na shirin cizo; in jikin ya saki har ƙugu yana rawa, murna ce, in kuwa wutsiyar ta miƙe sama ta ƙage tana ɗan karkarwa, ka ja da baya. Kyanwa idan tana bugun ƙasa da wutsiya ranta a ɓace yake, gaisuwarta ita ce ta nufo ka da wutsiya a tsaye. In ta dube ka ta lumshe ido a hankali, ka mayar mata da irinsa, domin alamar aminci ce. In ta kwanta ta buɗe ciki, yarda take nunawa, amma wanda ya kai hannu wurin yakan sha yaƙushi. Sunkuyar da kai da kare yake yi bayan ya yi ɓarna kuwa, Alexandra Horowitz ta nuna a 2009 cewa martani ne ga faɗan mai shi, har karen da bai yi laifin komai ba yana yin sa idan aka tsawata masa.

Wannan ya sa duka ba ya koyar da ko ɗaya daga cikinsu. Horo yana tafiya ne da lada da ake bayarwa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan dabbar ta yi abin da ake so, a zama gajere na minti biyar, da kalma ɗaya tak ga kowane umarni wadda duk 'yan gida za su riƙa amfani da ita. Kare yana karɓar yabo da shafa a matsayin lada, kyanwa kuwa sai ta ga kifi.

Bayan ka auna dabbar, sai ka auna gidanka. Kare yana bukatar fita da motsa jiki kullum, kuma wanda aka ɗaure da sarƙa yini da kwana yakan zama mai yawan haushi da saurin cizo, abin da zai haɗa ka da maƙwabta idan gidan haya kake. Karnukan gida sun fi jure zafi da kaska a kan irin na ƙasashen sanyi masu yawan gashi, kuma Sahel tana da nata fitaccen iri, wato Azawak na Abzinawan Nijar da Mali, dogo siriri mai gudu, mai riƙe amanar masu shi da ƙin sakin jiki da baƙo. Kyanwa takan yi barcin sa'a 12 zuwa 16 a yini, ba ta damuwa in ka tafi aiki, kuma daro ɗaya cike da yashi ya ishe ta bayan gida, amma in kana kiwon 'yan tsaki ko tantabaru ka tanadi keji mai kyau, musamman idan muzuru ne. Ga Musulmi akwai batun addini: hadisi ya yi izinin riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, ya kuma bayyana cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a cikin gida. Wanda yake son kare don wata manufa daban ya tuntuɓi malaminsa tun kafin ya kawo shi. In kuma duka biyun za ka haɗa, ka raba musu ɗaki a kwanakin farko, ka bar su su saba da ƙanshin juna, ka tanadar wa kyanwa wuri mai tsayi da kare ba zai kai ba, kuma kada a haɗa musu kwano.

Ko wanne ka zaɓa, ka kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar riga-kafin ciwon haukar kare da zarar ya kai wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likitan ya tsara, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, mafi yawa ta hanyar cizon kare, kuma kyanwa ma tana ɗaukarta. Wanda aka ciza ko aka yaƙusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar. Mace mai juna biyu ta bar wa wani aikin zubar da yashin kyanwa saboda ƙwayar cutar da ke iya shafar ɗan tayi. Albasa da tafarnuwa da cakulan suna cutar da su duka, madara tana sa yawancin manyan kyanwoyi zawo, kuma kada ka taɓa ba kyanwa farasitamol, domin ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.