Yadda na gyara matsalar fanshon Baba

Alhamdulillahi, kuɗin Baba sun shigo jiya, Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka.

Wata bakwai fanshonsa na tsaye tun bayan tantance masu karɓar fansho. Da farko mun zargi banki, suka ce asusu lafiya lau. Na yi sawu huɗu a hukumar da ke biya, kullum sai a ce a dawo.

Sai na je ofishin mazaɓa na ɗan majalisar wakilanmu. Na rubuta koke shafi ɗaya da sunan Baba, na sa lambar fayil ɗinsa da watan da aka daina biya. Na haɗa da kwafin takardar ritaya, takardar NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa), da bayanan asusu na wata shida. Kwafi biyu na kai, mataimakin ɗan majalisar ya buga hatimi a ɗaya ya ba ni. Kada ku baro wurin ba tare da wannan ba.

Ɗan majalisar ya rubuta wa hukumar wasiƙa yana neman bayani a rubuce. Nan aka gano ashe shekarar haihuwar Baba a NIN ta saɓa da ta fayil. Muka yi takardar rantsuwa a kotu, aka gyara, muka mayar ta hannun ofishin. Bayan sati biyar aka biya har da bashin baya.