Yadda ake tarwatsa kofa kabonet da wuta a ɗakin gwaji

Rugujewa a ilimin kimistiri ita ce sinadari guda ya tarwatse ya koma abubuwa biyu ko fiye, ko saboda zafi, ko haske, ko wutar lantarki. Gwajin da ya fi nuna ta ƙiri-ƙiri ga ɗalibin sakandare shi ne dumama kofa kabonet, garin nan kore: CuCO3 → CuO + CO2.

Sa tabarau na kariya. Auna busasshiyar kwalbar gwaji mai jure wuta a sikeli, ka rubuta nauyinta, sannan ka zuba garin gram 2 ka baza shi a gindinta. Toshe bakin da murfin roba mai siririn bututun gilashi, ka tsoma ɗaya ƙarshen bututun cikin wata kwalba mai ruwan layim mililita 5, wato tataccen ruwan Ca(OH)2. Ɗaure kwalbar garin kusan a kwance, bakinta ya ɗan sunkuya ƙasa. Garin na fitar da tururi, kuma ɗigon ruwa ɗaya in ya gangaro kan gilashi mai zafi ya isa ya tsaga shi.

Fara da ƙaramar wuta a murhun Bunsen kana kaɗa harshenta a hankali, daga baya ka ƙara. Kumfar farko iska ce kawai da ke cikin kwalbar, kada ta ruɗe ka. Can za ka ga kore na rikiɗewa baƙi ƙirin daga gefen da wuta ke lasa, wato ya koma CuO, ruwan layim kuma ya yi fari kamar an ɗiga madara saboda iskar CO2 da ke shiga cikinsa. In ka bar iskar ta daɗe tana shiga, farin zai washe, domin CaCO3, wato allin da ya sa ruwan ya yi fari, ya koma Ca(HCO3)2 mai narkewa. Gwajin bai lalace ba.

Ga wurin da ake yawan ɓarna: kafin ka janye wuta, zare bututun daga ruwan layim tukuna. Iskar da ke cikin kwalbar na tsukewa in ta huce, sai ta zuƙo ruwan sanyi kan gilashi mai zafi, kwalba ta fashe.

Bari ta huce ka auna, ka sake dumamawa ka sake aunawa har nauyin ya tsaya. Bisa lissafin CuCO3, gram 2 zai bar kusan gram 1.29. Amma garin da ke kan kanta galibi Cu2CO3(OH)2 ne, don haka abin da za ka samu ya fi kusa da gram 1.44. Kada malami ya rage wa ɗalibi maki a kan wannan.

Kada ka sa ran alli zai ba ka sakamako haka cikin sauƙi. CaCO3 na bukatar zafi kusan digiri 900 a ma'aunin Salshiyas, shi ya sa kamfanonin siminti na Sakkwato da Ashaka ke gasa dutsen da ke ɗauke da shi a manyan tandu masu juyawa.